Tattali Ba Rowa Ba Ne

1. Hatsin da ke cikin rumbu

A ƙasar Nijar damina gajera ce. Ruwa yakan sauka daga watan Yuni zuwa watan Satumba, wata shekara ma ba ya kai haka. Abin da manomi ya samu cikin waɗannan watanni uku ko huɗu shi ne iyalinsa za su ci har wata kaka. Shi ya sa babbar tambaya a kowane gida ita ce: hatsin da ke cikin rumbu zai kai?

Da kaka kowa mai arziki ne. Hatsi ya yi arha a kasuwa. Ana buki, ana suna, ana ɗinkin sababbin tufafi. Wasu magidanta sukan sayar da dammuna masu yawa don su yi hidima. Kafin bazara ta ƙare rumbu ya yi ƙasa. Ruwan shuka na sauka, sai ga magidancin nan a kasuwa yana sayen hatsi da tsada, wani lokaci ma da bashi. Ya bar gonarsa, ya tafi ƙwadago a gonar wani don ya samo tiya ɗaya. Ciyawa ta cinye tasa gonar, amfani ya ragu, wahalar bana ta jawo ta baɗi.

Kuma bakuna sai ƙaruwa suke yi. A ƙidayar 1988 mutanen Nijar sun ɗan haura miliyan 7. A ƙidayar 2012 sun haura miliyan 17. Cikin shekara 24 yawan jama'a ya ninka har ya wuce, amma dazuzzuka ba su ninka ba.

Abu biyu ne suke taimakon gida da gari a irin wannan hali: tattali da haɗin kai. Ya kamata yaro ya koye su tun yana lakwal, kamar yadda yake koyon karatu da lissafi, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

2. Mai tattali da marowaci

Mutane da yawa suna haɗa tattali da rowa. Wannan kuskure ne. Marowaci yana da abu, amma ba ya ci, ba ya ba wani. Hatsinsa yakan ruɓe a rumbu alhali maƙwabcinsa na kwana da yunwa. Mai tattali kuwa yana ci ya ƙoshi, yana ba baƙo, yana kai wa maƙwabci. Abin da ya ƙi shi ne ɓarna. Kuma da yake bai ɓarnatar ba, ran da ɗan'uwa ya zo da buƙata zai tarar da abin da za a ba shi.

Iyaye da kakanni sun san wannan ilimi tun kafin a gina lakwal. Tuwon da ya kwana a yi ɗumame da safe. Ƙanzo a shanya shi a ajiye. Ƙasari da dusa a ba bisashe. Ƙwarya in ta tsage a ɗinke ta. Kara a yi darni ko rumfa, toka da kashin awaki a kai gona. Har yanzu a kasuwar Katako ta Yamai maƙera suna narka tsoffin gwangwanaye su zuba tukwane, suna yanka tsohuwar ganga su yi murhu da akwati.

Wani zai ce ɓarnar gida ɗaya ba ta kai a yi magana ba. To, a yi lissafi. A ce gida yana asarar rabin tiya ta hatsi kowane mako, tsakanin wanda ya zube wajen sussuka, da wanda ɓera ya ci, da ragowar da aka zubar. Shekara tana da mako 52, ke nan tiya 26. In garin yana da gida 100, an yi asarar tiya 2600. In buhu yana cin tiya 40, buhu 65 ne suka salwanta, ba fari, ba fara. Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido.

3. Icce da murhu

Mafi yawan gidajen Nijar da itace suke dafa abinci. A murhun duwatsu uku iska tana kwashe zafin wuta, sai kaɗan ke isa ga tukunya. Hayaƙi ya cika idon mai tuwo da ƙirjin yaron da take goye da shi. In itacen kusa da gari ya ƙare, mata da ƴan mata ne suke tafiya mai nisa neman wani. Sau da yawa yarinyar da ta makara zuwa lakwal daga ɗaukar itace ta fito.

Akwai murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi, akwai kuma murhun laka wanda mace za ta iya ginawa da hannunta, da yumɓu da kashin jaki da ɗan haki. Duka biyun suna tsare wuta kewaye da tukunya, saboda haka itace kaɗan ya isa. Rufe tukunya da marfi, da jiƙa wake kafin a ɗora shi, da kashe ragowar wuta bayan an sauke, duk suna rage cin itace. Ba ko dala da ake kashewa a kan waɗannan.

Rage sara rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne a mayar wa ƙasa itatuwanta. Nijar ta ga fari mai tsanani a 1973 da 1974, ta sake ganin wani a 1984. Bisashe sun mutu, mutane sun bar garuruwansu. Tun 1975 ake dasa itatuwa a ranar 3 ga watan Agusta. A shekarar nan kuma aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, cikin jahar Tawa, don su tare iskar da ke kwashe ƙasar gonaki. A 1984 aka yi babban taro na ƙasa a Maraɗi a kan yaƙi da hamada.

Dashe yana da amfani, sai dai yana da wuya. Ɗan icce da aka dasa yana son ban ruwa da shinge, in ba haka ba rana ta ƙone shi ko akuya ta cinye shi. A 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Toni Rinodo, wanda yake aiki a Maraɗi, ya lura da wani abu. Ƙananan tsirran da manoma suke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ce. Tohon kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. In manomi ya zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar masu ƙarfi a kan kututture, ya datse sauran, ya kiyaye su, cikin ƴan shekaru za su zama icce, don saiwa ta riga ta kai ga laima. Wannan dabara ita ake kira sassaben zamani.

Da farko an yi wa masu yin ta dariya, don a lokacin gona mai kyau ita ce wadda aka share ta ƙal. Amma da aka ga amfaninta sai maƙwabci ya koya daga maƙwabci. A jahar Damagaram kuma, wajen Magariya da Matamai da Mirya, manoma da kansu suka riƙa barin gawo da kuka suna girma a gonaki. Bayan shekara ta 2000, da masana suka gwada hotunan da aka ɗauka daga sama, na da da na lokacin, sun gano itatuwa sun dawo a fili mai faɗin hekta kusan miliyan 5, kimanin icce miliyan 200. Mafi yawansu ba a dasa su ba, an bar su ne suka rayu. A 2018 aka ba Toni Rinodo wata babbar lambar yabo ta duniya a ƙasar Suwidin, tare da Yakuba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da ƙeƙasasshiyar ƙasa da ramukan tassa.

Duk ɗan manomi ya san halin gawo. Da damina yakan zubar da ganyensa, ya bar hatsi ya sha rana. Da rani yakan yi ganye, bisashe su sha inuwa, su ci ƴaƴansa, su bar taki a gindinsa. Hatsin gindin gawo ya fi na sauran gona tsawo. Sabara da kalgo suna tare ƙasar da iska ta kwaso. Kuka tana ba da miya, magariya da aduwa suna ba da ƴaƴa. Rassan da aka datse kuma su ne itacen girki, uwar gida ba ta je nesa ba.

4. Leda

A da mace takan tafi kasuwa da ƙwarya ko kwando ko faifai. Yanzu tumatir na dala biyar ma sai an sa shi a leda. Amfanin ledar nan bai wuce tafiya daga kasuwa zuwa gida ba, amma takan yi shekaru masu yawa ba ta ruɓe ba. Iska ta ɗauke ta ta rataya a ƙaya. Akuya da saniya su haɗiye ta, ta cushe musu ciki, su rame, wasu su mutu. Mahauta sun sha ciro dunƙulen leda daga tumbin dabba. A birni takan toshe magudanar ruwa, ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa, zazzaɓi ya shiga gidaje. A gona kuma takan hana ruwa shiga ƙasa. In an ƙone ta, hayaƙinta yana cutar da ƙirji.

A 2014 Nijar ta kafa dokar hana yin irin wannan leda da shigo da ita da sayar da ita. Amma doka ba ta bin kowa zuwa kasuwa. Muddin mai saye yana miƙa hannu, mai sayarwa zai miƙo leda. Yaron da aka aika, ya ɗauki kwando ko jakar tsumma, ya ce wa mai tebur: «Na gode, ina da abin zubawa», ya yi aikin da doka ta kasa yi.

Ba kowace leda ce abin ƙi ba. Akwai buhun ajiyar wake da ake kira PICS, mai leda biyu masu kauri a ciki. In an cika shi an ɗaure da kyau, iska ba ta shiga, ƙwarin wake su mutu ba tare da an zuba magani ba. Ana amfani da shi shekara da shekaru in bai huje ba. Ma'aunin mai sauƙi ne: abin da yake daɗewa kuma yana hana asara a riƙe shi, abin da ake yarwa bayan amfani ɗaya a rage shi.

5. Buki da gasa

Aure da suna abin farin ciki ne. Dangi su taru, a ci, a sha, a yi zumunci, ba mai cewa a daina. Inda matsala take shi ne gasa. Wance ta yi wa ɗiyarta kayan ɗaki kaza, sai an fi ta. Kowane buki da ankonsa, zanen da za a ɗaura sau ɗaya ya shiga akwati. Don a burge mutane kwana biyu, wani ya sayar da saniyar da ake tatsa, wani ya jinginar da gona. Baƙi su watse, bashi ya zauna. Amarya da ango su fara zama ba jari, ƙannen amarya kuma a rasa kuɗin saya musu littafi da alƙalami.

Gida ɗaya ba ya iya tsayar da wannan, don kowa na tsoron a ce ya gaza. Sai mutanen gari sun zauna gaban mai gari, maza da mata, sun yarda a kan iyaka. In kowa ya rage tare, ba wanda za a yi wa gori.

6. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Nan ne tattali yake buƙatar haɗin kai. Manomi zai iya renon gawo shekara biyar, wani ya sare shi cikin dare ɗaya. A Ɗan Saga, cikin gundumar Agye, mutanen gari sun kafa kwamitin tsaron itatuwa, suka sa maza da mata da makiyaya a ciki, suka ajiye ƙa'idodi da tara ga wanda ya karya su. Da haka itatuwansu suka tsira.

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin aikin taro. Akwai gayya: samari su taru su nome gonar tsoho ko ta maras lafiya, ko su yi yaɓen masallaci, ko yashe rijiya. Akwai adashi. Akwai tsohuwar yarjejeniya tsakanin manomi da makiyayi: bayan an kwashe amfani, garke ya sauka a gona ya ci kara, ya bar taki, manomi ya ba da hatsi, makiyayi ya ba da nono. Inda aka kiyaye wannan, aka bar burtali a buɗe, kowa yana samu. Inda aka watsar, sai faɗa.

A 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi, da taimakon ƙungiyar CARE. Mata kamar 20 ko 30 sukan haɗu kowane mako. Kowace ta zuba ɗan abin da aka yarda a cikin akwati. Mai buƙata ta ranta, ta yi sana'ar ƙuli-ƙuli ko kiwon tunkiya, ta mayar da ɗan ƙari. In wa'adi ya cika a buɗe akwati a raba. Kuɗin nasu ne, ba wanda ya kawo musu daga waje. Wannan dabara da ta tashi daga ƙauyukan Maraɗi ta bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka har da wasu nahiyoyi.

Akwai kuma bankin cimaka. Gari ya sayi hatsi da kaka lokacin da yake da arha, a ajiye a ɗaki ɗaya, a sayar wa mutanen gari da rangwame lokacin da rumbuna suka ƙare. Wasu bankunan sun ɗore, da yawa kuma sun mutu. Abin da ya kashe su sananne ne: an ci bashi ba a biya ba, ko masu riƙe da makulli sun ci amana, ko ba a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita ba. Ashe haɗin kai yana son gaskiya, yana kuma son wanda ya iya rubutu da lissafi. Yaron da yake zaune a aji yau, shi ne gobe zai riƙe littafin bankin garinsu.

7. Wata magana da ake yi

Akwai masu cewa: «Talaka me ya ci da za a ce ya rage? A je a gaya wa ƙasashe masu arziki.» Maganarsu tana da gaskiya a ciki. Hayaƙin masana'antu da motoci da ke ɗumama duniya, mafi yawansa daga ƙasashe irin su Sin da Amurka da na Turai yake fitowa. Rabon Nijar a ciki ɗan kaɗan ne ƙwarai, amma tana cikin masu shan wahalar zafi da fari da ambaliya. Haƙƙi ne a kan waɗancan ƙasashe su rage, kuma daidai ne a riƙa tuna musu.

Sai dai ba a ce yaro ya rage cin tuwo ba. Yaro yana buƙatar ya ƙoshi, ya sha ruwa mai tsabta, ya samu magani da littafi. Gidaje da yawa ma ƙari suke buƙata. Abin da za a rage shi ne abin da yake tafiya a banza: hatsin da ɓera ya ci, zafin wutar da iska ta kwashe, akuyar da leda ta kashe, gonar da buki ya cinye. Mai arziki in ya yi ɓarna yana da saura. Talaka in ya yi, abincin gobe ne ya tafi. Kuma itatuwan Maraɗi da Damagaram ba su jira an gama taro a ƙasashen waje ba. Manoma ne suka raya su da adda da lauje.

8. Rabon ɗan makaranta

Yaro ba shi da gona, ba shi da rumbu, amma yana da nasa rabo. Zai rubuta littafinsa gaba da baya har shafin ƙarshe. Zai lulluɓe littafin karatu da takarda don ƙanensa ya gaje shi. Zai rufe famfo in ya gama, ya zuba ruwan wanke hannu a gindin icce. In takalminsa ya tsinke ya kai wa mai gyara. In ana sassabe ya roƙi babansa a bar masa kututture ɗaya ya rena.

Aji kuma zai iya abin da ya fi haka. Ƴan aji su raba kansu ƙungiya-ƙungiya: masu ban ruwa a garkar lakwal, masu tsintar leda, masu tara taki a rami, masu rubuta abin da aka sayar da abin da aka kashe. Kuɗin zogale da yakuwa da aka sayar a sayi alli, ko a taimaki ɗan ajin da ba shi da alƙalami. Kowane wata a karanta lissafin a gaban kowa, don a saba da riƙon amana tun da ƙuruciya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Fari ya zo a 1973, ya zo a 1984, ƙarancin cimaka ya sake zuwa a 2005, kuma wata shekara mai wuya za ta sake zuwa. Garin da yake da itatuwa a gonaki, da hatsi a ajiye, da mutanen da suka saba aiki tare, zai fi jure mata. Ana shirya wannan tun shekarar da aka samu albarka.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin mai tattali da marowaci?
2. Me ya sa wasu magidanta suke sayen hatsi da tsada da damina?
3. Yaya ake yin sassaben zamani?
4. Ku faɗi amfani uku na gawo.
5. Me ya kashe wasu bankunan cimaka?
6. In gida 60 kowanne ya yi asarar tiya 26 a shekara, buhu nawa ke nan, in buhu yana cin tiya 40?

Aiki

Ku tambayi wani tsoho ko wata tsohuwa a unguwarku sunayen itatuwan da suke kewaye da gari lokacin ƙuruciyarsu. Ku rubuta waɗanda suka ɓace da waɗanda suka rage, ku kawo aji a karanta.